Muryar Magiro da Kiristocin Farko a Dabai

Duk wanda ya tashi a Dabai kafin a jawo wutar lantarki ya san dare yana da masu shi. Mu Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, muna da Magiro. In muryarsa ta taso daga wajen duwatsu, mata da yara kan shige ɗaki a ja ƙyaure. Da shi ake tsorata ɓarawo da mai rantsuwar ƙarya, kuma yana haɗe da girmama kakanni, waɗanda ake jera wa tukwanen yumɓu masu siffar mutum ko dabba a kan kabari. Mata ne ke gina tukwanen nan, kuma gwanintarsu ta kai har gidajen tarihi na Turai.

A shekarun 1920 'yan mishan na ƙungiyar UMS, wadda ta zama ikilisiyar UMCA, suka zauna a Zuru, cikinsu da Paul Ummel. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dungum da Hausa, kuma da shi masu bishara suka riƙa shiga ƙauyukanmu. Wanda ya karɓi baftisma a lokacin ya ɗauko babban kaya, domin ya daina kai giya kabarin ubansa, dangi kuwa suna zuba ido su ga abin da zai same shi.

Kakata tana cikin waɗanda suka karɓi baftisma. Ta ce bayan ta ƙi kai giyar, sai dannau ya sa ta gaba. Tana kwance, ido biyu, abu ya hau ƙirjinta, ko yatsa ba ta iya ɗagawa, sannan ta ji ana daka a turmin da ita da kanta ta kife da magariba. Mai bishara ya zo da fitilar ƙwai, ya karanta labarin mai aljanu na Markus sura 5, ya yi addu'a har zakara ya yi cara. Da gari ya waye ya taɓa goshinta, ya ce, "Baba, jikin nan da zafi, a kai ki asibitin mishan na Tungan Magajiya." Ta je, aka yi mata allura. Har ta rasu tana cewa Yesu ne ya kori abin, ni ma na gaskata ta. Amma ban taɓa jin ta kama sunan wani ta ce shi ya turo mata ba, alhali 'yan'uwanta masu bin Magiro suna katanga ɗaya da ita, tare ake cin tuwo ranar bikin Uhola.

Daga shekarun 1980, da wa'azin Fentikos ya yaɗu a Arewa, kwanan addu'a da ba da shaidar kuɓuta daga aljanu suka yawaita. Ina zuwa, ina kuma samun ƙarfi. Abin da ke ci mini rai shi ne nuna yatsa. Na ga an tsayar da wata gwauruwa a gaban jama'a an ce mayya ce, saboda jikanta yana farfaɗiya, samari kuma suka farfasa tukwanen kabarin gidansu. Babu wanda ya ce a kai yaron wurin likita. 'Yarta ce ta zo daga Kontagora ta kwashe su duka biyun, kuma yanzu yaron yana shan magani yana zuwa makaranta.