Inda mace za ta samu agaji a Nijar in an ci zarafinta

A Nijar, matar da mijinta ke duka, ko wadda aka yi wa fyaɗe ko auren dole, tana da wurare huɗu da za ta nufa.

Na farko shi ne gidan likita, ko CSI ta unguwa ko cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro ta jiha. In fyaɗe ne, a kai ta kafin awa 72 su cika, don maganin kariya daga ƙwayar cutar sida ba ya aiki bayan haka. A can ne kuma ake ba da takardar likita, wadda alƙali ke karɓa a matsayin shaida.

Na biyu, ƴan sanda da jandarmomi, masu sashen kare mata da yara ƙanana. Lambar ƴan sanda ta gaggawa ita ce 17.

Na uku, hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011. Tana da ofisoshi a manyan kotuna, tana bayyana wa mutum haƙƙinsa kyauta, tana kuma samar wa marasa hali lauya.

Na huɗu, ƙungiyoyi irin su SOS FEVVF da ƙungiyar mata masana shari'a, AFJN, masu sauraren koke da raka mace har gaban alƙali.

Mai gari da malamai suna sasanta rikicin aure, amma fyaɗe babban laifi ne. Kotu kaɗai ke da hurumin yanke masa hukunci.