Daga Ijaza Zuwa Takardar Maki: Yadda Dubai Ke Auna Mai Neman Ilimin Shari'a

Bahaushen da ya sauka Dubai domin fatauci, in ya tsallaka mashigin ruwan da ya raba garin biyu ya shiga Dera, galibi hankalinsa yana kan kasuwar zinariya da ta kayan ƙamshi da shagunan Nayif, har ya gama ciniki ya ɗaure kayansa bai san cewa a bayan waɗannan kasuwanni, cikin unguwar Ras, akwai wani tsohon gini mai faffaɗar tsakar gida, wanda a cikinsa karatun makaranta ya fara tsayawa da ƙafafunsa a wannan gari ba. Ita ce Makarantar Ahmadiyya, wadda wani attajirin lu'ulu'u, Shaihu Ahmad bin Dalmuk, ya aza harsashinta a 1912, ajali ya riske shi kafin a gama, ɗansa Muhammadu ya ƙarasa aikin ya sa mata sunan mahaifinsa. A kan tabarmi aka zauna a cikinta aka karanta Alƙur'ani da fiƙihu da nahawu da hisabi, kuma Shaihu Rashid bin Sa'id, wanda daga baya ya mulki Dubai, yana cikin waɗanda suka yi karatu a nan.

Kafin wannan makaranta, har ma bayan an buɗe ta da shekaru, yaron Dubai a gaban malamin unguwa yake fara karatu, wanda suke ce wa muɗawwa'i, kusan yadda namu yake zama gaban alaramma da allonsa. Ranar da ya sauke, sai a yi masa ado, abokan karatunsa su bi shi gida gida, ana karanta kalmomin godiya ga Allah suna amsawa da amin, mutanen gida suna fito da sadaka. Wannan biki shi suke kira taumina, kuma duk wanda ya taɓa halartar walimar sauka a Kano ko Katsina ba zai ga baƙon abu a cikinsa ba. Shaidar karatun yaron ke nan, unguwa duka ta gani ta tabbatar. Wanda kuwa himmarsa ta kai shi ga neman alƙalanci ko fatawa, sai ya shiga jirgin ruwa ya nufi Ahsa'u ko Makka, ya lazimci wani shaihi shekaru, in ya komo ya komo da ijaza. Haka Shaihu Muhammad Nur bin Saif ya yi, haifaffen Dubai da ya tashi a zaurukan ilimi na Makka, sa'an nan ya dawo ya shugabanci karantarwa a garinsu. Da yake gidan sarautar Dubai mazhabar Imamu Malik suke bi, littattafan da almajirin can ya ɗora su ne waɗanda na Zariya ya sani, Risala da Muhtasar.

Ijaza kuwa, in an duba asalinta, shaida ce ta mutum a kan mutum. Malami yana rubuta cewa wane ɗan wane ya karanta littafi kaza a gabana, na yi masa izini ya ruwaito shi daga gare ni kamar yadda na karɓa daga shaihina, shi ma daga nasa, har silsila ta tuƙe ga mawallafi. Babu lamba a cikinta, babu kashi bisa ɗari, domin darajarta tana ga sunayen da ke jere a ciki. Magabatanmu sun riƙi wannan al'amari da girma ƙwarai: Malam Jibrilu ɗan Umaru ya karɓo ijaza a Masar daga Murtala Zabidi, Shehu Usmanu ya tattara isnadinsa a cikin Asanidul Faƙir, Malam Abdullahi na Gwandu kuma ya lissafa malaman da ya ɗauki ilimi wurinsu a cikin Ida'un Nusukh. Ko da aka kafa makarantar koyon alƙalanci a Kano a 1934, aka ɗauko malamai daga Sudan, aka shigo da aji da jarrabawa, jama'a ba su daina tambayar wanda ya karantar da alƙali ba kafin su tambayi takardarsa.

Abin da ya sauya Dubai shi ne dukiya, da tafiyarta da dawowarta. Da Japanawa suka gano dabarar noman lu'ulu'u, ga kuma karayar tattalin arzikin duniya ta 1929, sai kasuwar masu nutso ta mutu, attajiran da ke ɗauke da makarantu suka tsiyace, har Ahmadiyya kanta ta rufe ƙofa na wasu shekaru. A shekarun 1950 aka shigo da tsarin makarantun zamani da taimakon Kuwaiti da malamai daga Masar da sauran ƙasashen Larabawa. A 1966 aka sami man fetur. Ranar 2 ga Disamba 1971 aka kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Jami'ar ƙasa ta farko an kafa ta a garin Al-Ain a 1976, ba da jimawa ba aka ƙara mata tsangayar shari'a da doka, a 1985 aka fitar da kundin dokar mu'amalat na tarayya, a 1986 kuma attajiri Juma'a Al-Majid ya buɗe kwalejin nazarin Musulunci da Larabci a cikin Dubai. Tun daga wannan zamani alƙali da lauya suka zama mutanen da hukuma ke ɗauka bisa takarda, ita kuwa hukuma, da yake ba ta zauna gaban kowane shaihi ba, sai ta nemi abin da za ta iya ƙirgawa.

Abin da ake ƙirgawa shi ne takardar cikakken sakamako, wadda ɗalibai ke kira taranskirif, da lamba ɗaya tak da ke can ƙarshenta, watau matsakaicin maki. Kowane darasi yana da nauyinsa na yunit, kowane harafi yana da makinsa. A ninka wannan da wancan, a tara duka, a raba da jimillar yunit. A jami'o'inmu ma'auni biyar ne, wanda ya ci 70 ya sami A mai maki biyar, digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50, ƙaramarta daga 2.40. To, a ƙaddara ɗalibi ya ɗauki yunit 150 ya tara maki 526, matsakaicinsa 3.51 ke nan, ya haye da ƙyar. In aka zo aka gano kuskure a darasi guda mai yunit huɗu, aka mai da B ta koma C, sai makinsa ya zama 522, matsakaici ya sauko 3.48, darajar digirinsa ta faɗo mataki guda, alhali ilimin da ke ƙirjinsa bai ragu da ko wasali ɗaya ba. Malaman hadisi sun san irin wannan tun da daɗewa, suna kiransa tashifi, watau ɗigo ɗaya ya ƙaura daga muhallinsa ya juya ma'anar kalma, kuma saboda tsoronsa ne suka wajabta wa mai kwafar littafi ya gwada kwafinsa da asali.

Inda lamarin ya fi rikicewa shi ne a Dubai ta yau, domin gari ne da kowace ƙasa ta zo da mudunta. A 2003 aka keɓe unguwa guda ga cibiyoyin ilimi na waje, a 2007 aka buɗe wata da ta fi ta girma, jami'o'in Ingila irin su Middlesex, wadda ta zo a 2005, suka kafa rassa suna koyar da dokar ƙasarsu. A 2004 kuma aka kafa cibiyar hada-hadar kuɗi da ake kira DIFC, mai kotunanta na kanta da ke shari'a da Ingilishi bisa tafarkin dokar Ingila, alhali kotunan cikin gari suna yi da Larabci bisa rubutaccen kundi. Saboda haka makarantun shari'a iri biyu ne a gari ɗaya. A reshen jami'ar Ingila, wanda ya ci 70 ya shiga daraja ta ɗaya, kusan kamar yadda yake a Kongo ta Zariya ko a Bayero; a jami'ar da ke bin tsarin Amurka mai ma'auni huɗu, A tana farawa ne daga wajen 90, mai 70 kuwa tsaka-tsaki ne, C ce rabonsa. Ga shi an daɗe ana sharɗanta wa mai neman digiri na biyu ya kawo uku cikin huɗu. Ɗan Kano mai 3.51 cikin biyar, in ma'aikacin da ke duba takardu ya yi masa lissafin raba-daidai, sai ya tashi da 2.81, ƙofa ta rufe. In kuwa aka bi haruffansa darasi darasi, mai yiwuwa ne ya wuce.

Mu ma a gida ba mu zauna kan mudu ɗaya ba. Jami'ar Ibadan ta daɗe tana awo da ma'auni bakwai, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa kuma ta taɓa umartar a koma ma'auni huɗu, sa'an nan a 2018 ta mai da kowa kan biyar, har ya zama 'yan gida ɗaya, wa da ƙane, suna riƙe da lambobin da ba sa gwaduwa. Amurkawa kuwa, da suka ga irin wannan saɓani tsakanin jami'o'insu, sai suka ɗora wa hukuma guda, LSAC, nauyin karɓar takardun masu neman makarantun lauya ta sake lissafa su da ma'auninta. Darasin da ɗalibi ya faɗi ya maimaita, muddin faɗuwar tana rubuce a takarda, sai a ƙirga duka biyun, ko da jami'arsa ta yafe masa na farkon. Afuwar wani malami ba ta ɗaure wani.

Sai dai duk wanda ya juya bayan takardar ɗalibin da ya kai ta Dubai, zai ga wani abin mamaki. Ga hatimin magatakardan jami'a, ga na Ma'aikatar Ilimi a Abuja yana gaskata shi, ga na Ma'aikatar Harkokin Waje yana gaskata na ilimi, ga na ofishin jakadancin Daular, ga kuma na ma'aikatar wajensu a can, bayan duk wannan a dā akan nemi abin da suke kira mu'adala, watau hukuncin cewa wannan shahada daidai take da tasu. Wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane: isnadi ne ya dawo cikin rigar ofis. Saboda haka ne gyaran maki ɗaya yake da tsada, domin in jami'a ta fitar da sabuwar takarda, hatiman da ke kan tsohuwar ba su shaide ta ba, sai a koma a sake bin silsila tun daga tushe, kuma in takardu biyu masu saɓani suka haɗu a teburi ɗaya, zato yakan rigayi bincike.

Bambancin da ya rage shi ne abin da kowace silsila take shaida. Ta dā tana cewa mun san mutumin nan, mun ji karatunsa, mun ga halinsa. Ta yanzu iyakarta ta ce sa hannun nan na gaskiya ne. Alƙalin Malikiyya bai taɓa wadatuwa da wannan ba, shi ya sa ba ya karɓar shaidar wanda bai sani ba sai adilai sun yi masa tazkiyya. Da alama makarantun ma sun ji wannan giɓi a jikinsu, domin bayan an gama ninkawa da rabawa da buga hatimai, da yawa daga cikinsu sukan ce wa mai nema ya kawo wasiƙa daga malamin da ya karantar da shi, ya faɗi abin da ya sani game da shi. Ɗalibin da ya bar Zariya da lambarsa a jaka, sai ga shi a Dubai yana laluben lambar wayar tsohon malaminsa na fiƙihu, yana fatan Allah ya sa bai manta fuskarsa ba.