Tarihin rubutun ƙasan allo a talabijin

A zamanin da silima ba ta magana, kurma da mai ji zama ɗaya suke yi a gaban allo, domin da rubutu ake katse hoto a ba da labari. Da sauti ya shigo a 1927, rubutu ya fita, aka bar kurame suna kallon leɓe. Talabijin ta gaji wannan giɓi, ta kuma daɗe ba ta cike shi ba.

A 1972 tashar WGBH ta birnin Boston a Amurka ta watsa shirin girke-girke na Julia Child da rubutu manne a jikin hoto, mai so da marar so duk suna ganinsa. Daga baya injiniyoyi suka ɓoye rubutun cikin layi na 21 na siginar hoto, inda ido ba ya kaiwa. An fara watsa shi a watan Maris na 1980, amma sai wanda ya sayi wata na'ura ta daban yake iya buɗe shi. Dokar 1990 ce ta tilasta wa masu ƙera talabijin mai inci 13 zuwa sama su saka na'urar a ciki, daga 1993.

Turai ta bi hanyar teletes. BBC ta buɗe Ceefax a 1974, shafi na 888 ya zama na kurame a Ingila. Faransa ta ƙera nata tsarin mai suna Antiope, daga baya ta koma ga irin na Ingila. A wannan tsari tasha lamba take aikowa, akwatin talabijin ya zana harafin da ke ajiye a cikinsa, haruffa 40 a kowane layi. Harafin da ba a ajiye ba, babu shi. ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba su shiga lissafi ba. Da za a rubuta Hausa da teletes, da baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa.

Talabijin na dijital ya zo da wata dabara. Tsarin DVB na Turai yana iya aiko rubutu a matsayin ɗan hoto da ake ɗorawa bisa fim, saboda haka akwati ba ya bukatar sanin harafin: ƙugiyar boko da ajami duk za su fito. Yarjejeniyar Janeba ta 2006 ta sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin barin tsohon tsarin watsawa a Turai da Afirka. Ceefax kuwa an rufe shi a watan Oktoba na 2012.

Sai dai na'ura ita kaɗai ba ta isa ba. Dole tasha ta shirya rubutun ta aiko shi, dikodar da ke ɗaki kuma ta iya nuna shi. A Faransa sai da dokar 11 ga Fabrairu 2005 ta ba manyan tashoshi shekara 5 su sa rubutu a shirye-shiryensu.

Amfanin bai tsaya ga kurame ba. A Indiya, Brij Kothari ya sa aka riƙa rubuta baitocin waƙoƙin fim da harshen da ake rera su, don mai sabon karatu ya haɗa abin da kunne ya ji da abin da ido ya gani. Nijar, wadda ta fara talabijin na makaranta tun 1964, ta san allo yana koyarwa. Wasan kwaikwayon Hausa mai rubutun Hausa a ƙasa darasin karatu ne ga wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci, kuma shiri ne da kurma zai kalla tare da ƴan gidansu. Hanyar fasaha ta samu. Saura masu rubutawa bisa ƙa'ida da tashar da za ta watsa.