Ajin siziyam: shekarar farko ta kwaleji a Nijar

Siziyam shi ne ajin farko na kwaleji a Jamhuriyar Nijar. Yaro yakan shige shi yana ɗan shekara 12 ko 13, bayan shekara 6 a firamare. Karatun kwaleji shekara 4 ne, yana ƙarewa da jarrabawar BEPC a ajin turwaziyam.

Sauyin yana da girma. Yaron da ya saba da malami guda yanzu kowane darasi da malaminsa, ga Ingilishi da ya shigo sabo. Ana ba da maki bisa 20, kuma 10 ake nema a matsakaicin sakamako. Ya kamata uba ya karɓi takardar sakamakon da kansa, ko da sai an karanta masa.

Wanda ya fi shan wuya shi ne ɗan ƙauye da aka kawo gari aka ajiye a gidan wani. Sau da yawa ɗiban ruwa da aike ke cinye lokacin bitarsa, wani ma da yunwa yake shiga aji. Yarinya kuwa, iyaye kan janye ta don rashin masauki amintacce. Amana ce a hannun mai masauki, kuma kwamitin masallacin unguwa zai iya sanin irin waɗannan yara, ya riƙa bincikar cinsu da makwancinsu.

Makarantar allo ba ta hana bita. A tsayar wa kowanne lokacinsa, yaro ya kwanta da wuri.