Asalin Jari Bola

Duk wanda ya san kasuwar Darki ta ƙasar Wudil ya san ba hatsi da dabbobi kaɗai ke cin kasuwa ran Alhamis ba. Kamar sauran kasuwannin ƙasar Kano, ba a rasa masu sayen tsohon ƙarfe, da fasassun robobi, da tukwanen da suka huje, ga kuma masu sayar da abin da aka ƙera daga irin waɗannan tarkace. Sana'ar nan ita ake kira jari bola, wasu su ce gwangwan. Yaran yanzu suna tsammani jiya aka fara ta, wai yunwa da rashin aikin yi ne suka haife ta, har wasu suna yi wa masu yin ta kallon raini. Alhali kuwa sana'a ce mai asali, tana da kakanni, kuma kakannin nata ba ƙananan mutane ba ne.

In ka tambayi dattawan maƙera, za su ce maka daga gidansu ta fito, su fara ba ka labarin tun daga Gaya, maƙwabciyar Wudil. Suka ce a can zamanin da, tun ba a gina ganuwa ba, akwai wani maƙeri a Gaya sunansa Kano. Tama ta yi masa ƙaranci a gida, sai ya ɗauki masabarsa da awartakinsa da zuga-zuginsa, ya yi yamma da mutanensa suna neman dutsen da ke da ƙarfe a cikinsa. Suna tafe suna duba ƙasa, in sun ga jan dutse su fasa su gwada, in bai yi ba su ƙara gaba, har Allah ya kawo su gindin dutsen Dala. Nan suka tarar da tama mai kyau, ga itace a dawa, ga ruwa a Jakara. Maƙeri ya kafa uwar maƙerarsa, ya hura wuta. Manoma suka ji labarin akwai mai yin fartanya, maharba suka ji akwai mai yin kibiya, kowa ya taho ya kafa bukka kusa da shi. Wuri ya cika, aka riƙa cewa za mu wajen Kano, har sunan ya bi garin. Zuriyarsa su ne Abagayawa, waɗanda maƙeran birni ke alfahari da su har gobe.

Rubutaccen Tarihin Kano bai fara da wannan maƙeri ba. Shi da wani mutum mai suna Dala ya fara, da Barbushe na zuriyarsa, ƙaƙƙarfan maharbin nan mai kula da gunkin Tsumburbura. Saboda haka wasu suna cewa maharba ne suka riga kowa. Ni dai ban ga abin jayayya a nan ba, don maharbi ba ya nisa da mai yi masa kan kibiya. Kuma masu binciken kufai sun tono alamun narka tama a Dala, suka ƙiyasta shekarunsu sun kai tun wajen ƙarni na 7. Ashe ke nan maganar dattawa tana da tushe a ƙasa.

To, ina abin ya haɗu da jari bola? Sai ka san wahalar da ake sha kafin a sami ƙarfe a wancan zamani. A haƙo tama, a farfasa ta. A shiga dawa a saro ƙirya, a ƙona ta ta zama gawayi. A gina dogon murhu na yumɓu, a jera tama da gawayi hawa-hawa, a kunna wuta, ƙarti su kwana suna fama da ita. Bayan duk wannan, abin da zai fito ɗan dunƙule ne, sauran duk kashin maƙera. Wanda ya ga haka da idonsa, yaya za a yi ya yar da ƙarfe? Shi ya sa garma ba ta mutuwa sau ɗaya. In bakinta ya cinye, manomi ya kai ta maƙera a mayar da ita fartanya. Fartanya ta gaji, a buge ta ta zama lauje ko wuƙa. Wuƙa ta sirance, a fitar da basilla ko ƙusa. Guntayen da suka zuba a gindin uwar maƙera kuwa, yaron maƙeri ya tsince su a sakaina, in sun taru a haɗa su a wuta su koma dunƙule guda. Ƙarfen da kaka ya yi noma da shi, da shi jika zai ɗinke buhu. Maƙera suka ce wannan yaro mai tsince guntaye shi ne ɗan jari bola na farko.

Manoma ba su yarda ba. Suka ce kafin a san ƙarfe ai ana cin tuwo, kuma duk gidan da aka ci tuwo akwai toka, akwai shara, akwai juji. Dattawansu suna cewa tun fil azal wani ya lura dawar da ta tsiro a kan tsohon juji ta fi ta tsakiyar gona kauri da baƙin ganye, sai ya kwashi jujin ya kai gona. Daga nan juji ya zama dukiya. Kowane magidanci yana da nasa a bayan gida, kuma ba a taɓa na wani sai da izini. A ciki ake zuba tokar murhu, da kashin awaki da na tumaki da na kaji, da sharar tsakar gida, da ragowar harawa da dabbobi suka tattaka. In rani ya yi nisa, sai a ɗaura wa jaki akumari, a ɗora mangala, a yi ta jigila. Ka bi ta gonaki a watannin bazara ka ga an jera tsibi-tsibin taki, baƙi-baƙi a kan farar ƙasa, suna jiran ruwan farko. Daga yawan tsibin ake gane manomin ƙwarai tun ba a yi shuka ba. Bayan girbi kuma Fulani su sauka a gona da shanunsu, shanu su ci karmami su bar taki, mai gona ya auna wa makiyayi hatsi, a rabu ana sa wa juna albarka.

Ƙauyukan da ke kewaye da birni sun fi kowa cin moriyar wannan dabara. Da asuba jakuna su shiga ta ƙofofin gari da itace, da rana su fito da takin birni. Birni ya sami makamashi ya rabu da shararsa, ƙauye ya sami abin da zai ciyar da ƙasarsa, hatsin da aka noma kuma ya koma birni. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi nazarin wannan yanki, shi da abokin aikinsa suka fitar da rahoto a 1965. Abin da ya ja hankalin masana shi ne yadda jama'a mai yawa haka ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ƙasar ba ta mutu ba. Sirrin bai wuce taki da dabbobi da itatuwan gona ba. Darki ta yi wa jakin birni nisa, amma mutanenta ba su rasa nasu takin ba, don ga jujin gida, ga sharar kasuwa, ga kuma karar Wudil da ke cika da shanu duk Juma'a.

In aka ce in raba gardama, sai in ce manoma sun fi kusa da gaskiya wajen daɗewa, don toka ta girmi tama. Amma maƙera ne suka fara mayar da tsohon abu hajar saye da sayarwa. Saboda haka juji shi ne uwa, maƙera kuma uba.

Marina ma suna da nasu rabon, kuma a ganina tasu hikimar ta fi ta kowa ban sha'awa. Ana cewa marinar Ƙofar Mata ta kafu tun 1498, a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ko da yake wasu masana suna ganin da farko a manyan tukwane ake rini, rijiyoyin daga baya suka yawaita, kuma wannan ya fi kama hankali. Ko ma dai yaya ne, dubi abin da suke yi. In baba ya gama aiki, ba a zubar da lakar da ta kwanta a gindin rijiya. A kwaso ta, a cuccura, a shanya, a ƙona, ta zama katsi. Wani katsin ya koma cikin sabon haɗi. Wani kuma a gauraya shi da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara, ya zama laso, simintin Hausa, wanda ake shafe rijiyar rini da rufin soro da shi don kada ruwa ya ratsa. Dattin marina da dattin majema suka haɗu suka rufa wa magina asiri! Da irin waɗannan rijiyoyi aka rina tufafin da Baturen matafiyi Barth ya tarar a Kano a 1851, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Haka ɗorawa: a sha garinta, a yi daddawa da kalwarta, ɓawon kuma a jiƙa shi ya zama makuba ta shafen bango da daɓe.

Kada kuma a manta da iyayenmu mata, don su ne malaman farko a wannan fanni. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame. Wanda ya kama gindin tukunya a kankare shi a shanya, ya zama ƙanzo. Dusa ta tafi wajen akuya. Ƙwarya in ta tsage a kira gyartai ya ɗinke ta, in ta fashe sarai ta zama sakainar kwasar wuta ko ta ba kaji ruwa. Zane ya tsufa ya koma majanyi, majanyi ya koma gammo, gammo ya koma tsumman goge-goge. Karan dawa a yi darni da shi, darni ya tsufa a hura wuta, tokar a tace ta a yi girki ko sabulu, abin da ya rage ya koma juji, juji ya koma gonar da karan ya fito. Da Musulunci ya kafu, malamai suka ƙara wa wannan ɗabi'a ƙarfi da wa'azin hana almubazzaranci. Har Bahaushe ya ɗauki juji ya yi wa shugaba kirari da shi, ya ce babba juji ne, don shi ke karɓar abin da kowa ya kawo ya mayar da shi alheri.

Akwai masu cewa da Turawa sana'ar ta zo. Waɗannan sun ga reshe ne suka ɗauka saiwa ce. Gaskiya ne da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya iri-iri sun biyo shi. Garwar kananzir ta zama ta ɗiban ruwa da awon mai. Gwangwanin madara ya zama fitilar aci-bal-bal. Ganga ta zama kaskon suya da murhun gawayi, tayar mota ta zama takalmi, tsohon tub ya zama guga da robar ɗaure kaya, alminiyam kuma aka narka shi aka zuba tukwane da ludaya. Amma hannun da ya yi wannan duka hannun jikokin maƙera ne. Abin takaici ɗaya, da tsohon ƙarfen jirgi da na mota ya wadata, sai aka daina narka tama, ilmin da ya kafa Kano ya bi dattawa zuwa kushewa.

Jari bola na yanzu kuwa kowa ya san shi. Matasa suna zagaya unguwanni da ƙauyuka da kura da sikeli, su saya su tara, a loda a mota zuwa wurare irin su Ƙofar Ruwa, roba kuma a niƙa ta a sayar wa masana'antun Sharaɗa da Bompai. Dubban gidaje suna ci daga nan. Akwai ɓata-gari da ke fakewa da sana'ar suna kai hannu ga abin da ba a yar ba, kuma shugabannin sana'ar ya kamata su fi kowa tsananta musu. Hukumar REMASAB tana kwashe shara a birni, ana kuma tsaftar muhalli a Asabar ɗin ƙarshen wata.

Abin da ya gagari kowa shi ne leda. Ita kaɗai ce baƙuwar da juji ya kasa narkarwa. Ta toshe magudanai, akuya ta haɗiye ta ta yi ta ramewa har ta mutu, manomi ya sayi takin bola ya wuni yana tsince ta a gona, wadda ta tsere masa kuma ta hana saiwa sakewa. Tun daga lokacin da ruwan leda ya yawaita a shekarun 1990 abin ya ƙara ta'azzara.

Maganinta ba sai an je nesa ba. A raba shara tun daga tsakar gida yadda iyayenmu ke yi: mai ruɓewa ta tafi juji, ƙarfe da roba da leda a ajiye wa mai sikeli. Mai zuwa kasuwa ya riƙe jakarsa ko kwandonsa. Yaron da ke tura kurar gwangwan kuma a amsa sallamarsa da mutunci, a yi ciniki da shi da gaskiya, don gadon maƙera da manoma da marina yake riƙe da shi. Wannan shi ne asalin jari bola kamar yadda magabata suka bayar da shi. Allah ya jiƙansu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana.