Usman Waƙi'allah: Mai Zanen da Ya Fito da Hoto daga Cikin Harafi

Wanda ya tashi daga Wad Madani ya bi Shuɗin Nilu ya yi arewa, zai tarar da garin Rufa'a a gaɓar gabas. A nan aka haifi Usman Waƙi'allah a 1925, shekarar da aka gama madatsar ruwan Sennar, aka buɗe gonakin audugar Jazira da suka tara Hausawa masu yawa. In aka bi kogin aka yi kudu kuwa, sai a iske Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Yaran waɗannan garuruwa duka, Larabawa da Hausawa, abu ɗaya suke fara riƙewa a makaranta: allo.

Ɗalibin Hausa ya san cewa allo da alƙalami da tawada duk daga Larabci muka aro su. Ya kuma san zayyana, adon da ake yi wa allon mai sauka. Mutanen Sudan suna da irinta, suna kiranta sharafa. Ke nan tun kafin zuwan Turawa, idon mutanen wannan yanki ya saba da ganin rubutu da ado a kan allo guda. Muhimmancin Waƙi'allah shi ne ya ɗauki wannan sabo ya shigar da shi zanen zamani.

Ya yi karatu a Kwalejin Gordon da makarantar zane ta Khartum. Daga 1946 zuwa 1949 yana makarantar Camberwell a Landan, inda ya koyi zane irin na Turai. Bai tsaya nan ba, sai ya wuce Alƙahira ya zauna gaban gwanin rubutu Sayyid Ibrahim har ya sami ijaza. Da ya dawo gida ya koyar a kwalejin zane ta Khartum, sannan a 1954 ya buɗe ɗakin aikinsa, Studio Osman, wanda ya zama majalisar masu zane da mawaƙa. Da Sudan ta sami 'yanci a 1956, hannunsa ne ya rubuta kalmomin da ke kan takardun kuɗinta na farko. A 1967 ya koma Landan, ya yi aiki da kamfanin De La Rue mai buga kuɗi.

Me ya yi sabo? A al'ada, harafi bawan ma'ana ne: aikinsa a karanta shi. Waƙi'allah ya ba shi 'yancin a kalle shi. Yakan ja harafi ya miƙe, ya lanƙwasa wani, ya cika sararin da ke tsakaninsu da launi ko da ƙananan rubutu, har shafin ya zama hoto, ba tare da ya karya ƙa'idar da ya koya a Alƙahira ba. Gidan Tarihi na Birtaniya yana ajiye da aikinsa da ya gina a kan haruffan da suka buɗe Suratu Maryam. Ibrahim al-Salahi da Ahmad Shibrain, jigogin abin da aka kira Makarantar Khartum, sun faɗaɗa wannan hanya, kowa da salonsa.

Waƙi'allah ya koma gida a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a Janairun 2007. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya kai Wad Madani a Disambar shekarar, ya watsa jama'ar Jazira, an kuma wawashe gidan tarihi na ƙasa a Khartum. A irin wannan hali, abin da ba a rubuta ba shi ke fara ɓacewa. Mu ma muna da gwanayen zayyana a Kano da Zariya da Mai Wurno, amma allunansu ba sa ɗauke da sunayensu. Ɗalibin da ya san ɗaya daga cikinsu, ya je ya tambaye shi wa ya koya masa, ya rubuta.