Motocin Japan a Landan: Daga Raini Zuwa Tsadar Gaske

A baje kolin motoci na Earls Court da ke Landan a shekarar 1964, an nuna wata 'yar ƙaramar mota mai suna Daihatsu Compagno. Ita ce motar Japan ta farko da aka kawo Birtaniya domin sayarwa, kuma ba ta yi kasuwa ba. Mutanen da suka taso da motocin gida irin su Austin da Morris kallon raini suka yi mata.

Tsadar man fetur ta 1973 ce ta karya wannan girman kai. Yajin aiki ya addabi masana'antun motocin Ingila, ga kuma Datsun da Toyota ba su shan mai, ba su wahalar tashi da sanyin safiya. Wani abu kuma ya taimaka: Japan da Birtaniya duk hannun hagu suke bi a titi, sitiyari a dama, kamar yadda Najeriya take kafin 1972. Don haka tsohuwar mota daga Tokyo ba sai an sauya mata gefen sitiyari ba kafin ta hau titi. Ta wannan hanya Nissan Figaro, wadda aka ƙera kusan 20,000 a 1991 don kasuwar Japan kaɗai, ta cika unguwannin Landan. Suzuki Cappuccino kuwa, mai injin da bai wuce 660cc ba, a 1993 ta iso.

Amma a ganina, son da ya kama matasa sosai daga ɗakin zama ya fito. A Disamba 1997 Kazunori Yamauchi ya fitar da wasan tsere na Gran Turismo a na'urar PlayStation, ya iso Turai a 1998. Yaron da ko lasin bai isa yi ba ya zauna gaban talabijin yana sauya taya, yana ƙara wa inji ƙarfi, ya haddace Skyline GT-R da Subaru Impreza da Lancer Evolution kamar sunayen 'yan gidansu. Da ya girma ya samu albashi, su ya tafi nema. Wasan ma ya biyo su har gida, domin a fitowa ta biyar, ta 2010, akwai filin tsere da ke ratsa dandalin Trafalgar da Piccadilly. Jann Mardenborough, wanda ya taso a Cardiff, ta wannan wasa ya ci gasar GT Academy a 2011, bayan shekara biyu sai ga shi a tseren Le Mans na gaske a Faransa.

Mai son ganin masoyan nan ido da ido sai ya nufi Ace Cafe a kan titin North Circular. An buɗe shi a 1938, ya yi suna da 'yan babur, aka rufe a 1969, aka dawo da shi gadan-gadan a 2001. Yanzu masu motoci iri-iri na taruwa a harabarsa, a ɗaga bonet, a yi ta musu kan inji.

Sai dai zamani ya matse su. Tun Agusta 2023 dokar rage hayaƙi ta ULEZ ta game duk Landan, kuma motar fetur da ba ta cika sharaɗi ba sai ta biya fam 12.50 duk ranar da ta fito. Iska mai tsabta haƙƙin kowa ce, amma nauyin ya faɗa kan motocin shekarun 1990. Dokar ta yafe wa motar da ta haura shekara 40, Figaro kuwa ba za ta kai haka ba sai 2031.